Wai ta yaya aka san iskar cikin baƙin gajimaren sama tana motsi kafin a haifi tauraro?

Ɗan SS3:
Slm jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya. Akwai hoton nan da na'urar James Webb ta ɗauka aka fitar a 2022, wanda ake kira L1527, haske sama da ƙasa, tsakiya ya tsuke ga wani ɗan baƙin layi ya ratsa. An ce jaririn tauraro ne a tsakiyar, shekarunsa wajen 100,000, yana zuƙar iskar gas daga gajimaren da ya haife shi. Abin da ya ɗaure min kai shine hoto fa ba bidiyo ba ne, to ta yaya aka san iskar shiga take ko fita take? Malam dan Allah a taimaka min

Oga Mai Dish:
Yauwa ƙanina ka riga ni a baki. Ni sana'ata haɗa dish ce, in sigina ya ɗan kauce sai na hau rufi na juya da hannuna kafin in san inda matsalar take, to wannan abu da aka ce haskensa ma sai ya yi shekara 450 yana tafiya kafin ya iso mana, kuma a cikin duhu yake, wa ya je ya auna masa gudu? Ni dai ban ce ƙarya ba ne amma ina son a nuna min hanyar da aka bi

Malamin Fiziks:
Wa alaikumussalam. Tambaya ce mai kyau, kuma Oga sana'arka ce ma za ta sa ka riga kowa ganewa. Bari mu fara da abin da ake magana a kai. Tsakanin taurari ba fili ne fayau ba, akwai manyan gizagizai na iskar haidirojin da hiliyam da 'yar ƙura kaɗan, ƙurar kamar kashi 1 cikin 100 na nauyin. A cikinsu akwai wuraren da iskar ta fi taruwa ta dunƙule, to waɗannan dunƙulallun wurare su ne mahaifar taurari. Faɗin guda ɗaya ya kai nisan duniya da rana sau 20,000, nauyinsa kuma bai wuce na rana ɗaya ko biyu ko 'yan kaɗan ba. Sanyi kuwa ba a magana, digiri 10 ne a ma'aunin Kelbin, wato 263 ƙasa da sifili a ma'aunin da muka saba. Kuma in an ce iskar ta yi kauri kar ka ɗauka kaurin da ka sani ne, in ka yanki ɗan akwati mai santimita ɗaya kowane gefe za ka samu ƙwayoyi 10,000 zuwa 100,000 a ciki, alhali iskar da muke shaƙa a nan Kano ƙwayoyin da ke cikin wannan ɗan akwatin sai ka rubuta 25 ka jera mata sifili 18.

Ƙurar ce ke tare hasken da ido ke gani shi ya sa wurin ke fitowa baƙi a hoto. Amma ƙwayoyin iskar suna fitar da sigina na rediyo, kuma shi ƙura ba ta tare shi. Kowace irin ƙwaya da tashar da take magana a kai, ba ta canzawa. Kabon monoksaid tana kan gigahaz 115, an fara jiyo ta daga sama a 1970 a gajimaren Orion. Amoniya tana kusa da gigahaz 24, ita tun 1968 aka gano ta. Oga kai dish ɗinka yana kama wajen gigahaz 11 zuwa 12 ne ko?

Oga Mai Dish:
Haka ne Malam, Ku band kenan. To na ji akwai sigina, saura gudun

Malamin Fiziks:
To ka san jiniyar motar asibiti, in tana nufo ka ƙararta siririya ce, da ta wuce ka sai ta yi kauri. Wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, shi ya yi bayanin dalilin a 1842, kuma haka abin yake ga haske da siginar rediyo. Iskar da ke nufo mu firikwensinta na ɗan hawa, wadda ke guje mana nata na ɗan sauka. Tunda an auna ainihin firikwensin kowace ƙwaya a ɗakin gwaji a nan duniya, sai a duba da nawa na sama ya kauce, a lissafa gudun. Misali iskar da ke tafiyar mita 100 a daƙiƙa za ta kautar da siginar kabon monoksaid da kilohaz 38 ne kacal a cikin gigahaz 115, kashi ɗaya cikin miliyan 3 kenan, kuma na'urorin yanzu suna rabe wannan har da abin da bai kai shi ba. Saboda haka ƙanina ba daga hoton Webb aka san motsin ba, daga siginar rediyo ne, hoton siffa kawai ya nuna maka

Alhajin Fagge:
Ikon Allah. Malam Allah ya ƙara basira. Ni tambayata, a ina wurin yake a sama, mu da muka taso muna kallon Kaza da 'Ya'yanta a tsakar gida kafin fitilu su cika gari

Malamin Fiziks:
Ranka ya daɗe Baba Alhaji ai maƙwabtanta ne. Kaza da 'Ya'yanta tana cikin burujin Sauru, kuma gajimaren da L1527 ke ciki a wannan yankin yake, nisansu da mu ma ya yi kusan ɗaya. Lokacin sanyi bayan isha'i in hazo ya yi sauƙi suna can sama sosai. Sai dai shi gajimaren ido ba zai gan shi ba, abin da mai kyamara mai kyau zai lura da shi shine wurin da taurari suka yi ƙaranci

'Yar Kabuga:
Slm, Malam barka da dare, a ba ni dama in ɗora tunda abin ya taɓo karatuna. Amsar Malam daidai take amma akwai wani gibi da na san Oga zai faɗa ciki yanzu. Doppler gudun da ke kan layin idonka kawai yake ba ka, mai zuwa ko mai tafiya, wanda ke gittawa gefe ba ya nuna shi sam. To ka ɗauki dunƙulen da ke rushewa zuwa tsakiyarsa, rabin da ke ta wajenmu yana faɗawa ciki wato yana guje mana, rabin da ke can baya shi ma yana faɗawa ciki wato yana nufo mu. Yanzu juya lamarin, ka ce dunƙulen kumbura yake yi, na gaba yana nufo mu na baya yana guje mana. Duka biyun za ka samu mai zuwa da mai tafiya, siginar ta yi faɗi iri ɗaya. To ka ga tambayar ƙaninmu tana nan daram, shiga ko fita?

Oga Mai Dish:
Wlh Anti abin da zan rubuta kenan, Allah ya biya ki. To ya aka yi?

'Yar Kabuga:
Dabarar ita ce a zaɓi ƙwayar da ta yi yawa har tana shanye siginar 'yar uwarta, irin su HCO+ ko CS. Cikin dunƙulen ya fi kauri, siginarsa ta fi ƙarfi, amma kafin ta iso gare mu dole ta ratsa ta cikin iskar da ke gabanmu ta waje-waje wadda ba ta da ƙarfi, ita kuma sai ta shanye wani ɓangare. Wane ɓangare za ta shanye? Wanda ya dace da gudunta. In rushewa ake yi, ta gaban guje mana take, saboda haka ɓangaren ƙasa na firikwensin za ta cinye, ɓangaren sama da ke zuwa daga bayan dunƙulen ya wuce abinsa ba wanda ya taɓa shi. Sai ka ga zanen siginar ya fito da tozo biyu da rami a tsakiya, tozon masu nufo mu ya fi tsayi. In kuma kumbura ake yi sai abin ya juye, ɗaya tozon ya fi tsayi. Wurin da aka fi kafa hujja da shi shine B335, a 1993 Zhou da abokan aikinsa suka nuna siginarsa ta yi daidai da lissafin rushewa. Ni wannan dabarar tana burge ni ba kaɗan ba, don iskar da ta tare maka gani ita ce kuma ta gaya maka gaba da baya

Oga Mai Dish:
Tsaya Anti. Ni a aikina in na ga tozo biyu a mita sai in ce tashoshi biyu ne suka kusanci juna. Me zai hana ya zama gizagizai biyu ne daban, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowa da gudunsa, ku kuma ku ce rushewa ce?

'Yar Kabuga:
Kai Oga da ma ka dawo makaranta. Wannan ita ce tuhumar farko da ake yi wa duk wanda ya ce ya ga rushewa, kuma akwai gwajinta. Sai a sake duba wurin da wata ƙwayar da ba ta da yawa, wadda ba ta shanye kanta, kamar C18O ko N2H+. In gizagizai biyu ne ita ma za ta ba da tozo biyu. In kuwa dunƙule ɗaya ne za ta ba da tozo ɗaya tak, kuma ya zauna daidai kan ramin nan na tsakiya. Wanda bai kawo wannan gwajin ba ba a sauraronsa. Duk da haka gsky akwai abubuwan da ke ruɗa mutum, juyawar dunƙulen da kuma iskar da jaririn ke fesowa waje suna iya lanƙwasa siginar, shi ya sa ba a dogara da wuri ɗaya, sai an bi dunƙulen gaba ɗaya ana aunawa gurbi-gurbi

Ɗan SS3:
Anti ngd sosai. To ni abin da ban gane ba me ke sa ya rushe tun farko, kuma me ya hana shi rushewa tun da can?

Malamin Fiziks:
Ja-in-ja ne tsakanin abu biyu. Nauyin iskar yana janta ciki, ɗan ɗumin da take da shi yana tura ta waje. James Jeans na Ingila ya lissafa a 1902 cewa in nauyi ya wuce wani mizani to turin ɗumi ba zai riƙe ba, kuma mizanin yana sauka ne in wuri ya ƙara sanyi ko ya ƙara kauri. In babu abin da ya riƙe shi sam, dunƙule mai irin kaurin da na faɗa zai zube cikin shekaru kamar 100,000.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Iskar irin wannan da ke cikin rukunin taurarinmu, wato babban taron taurarin da ranarmu ke cikinsa, ta kai nauyin rana wajen biliyan ɗaya. Da duk zubewa take yi ba birki, da ana haifar taurari masu nauyin rana ɗaruruwa duk shekara, alhali abin da ake gani bai wuce ɗaya zuwa biyu ba. Zuckerman da Evans suka ja hankali kan wannan a 1974. Kenan akwai birki. Ni a fahimtata babban birkin maganaɗisu ne. Layukan maganaɗisu sun ratsa gajimaren, ƙwayoyin da ke da cajin lantarki suna maƙale da su, duk da ba su da yawa, kamar ɗaya cikin miliyan 10, sauran marasa caji kuma sai sun yi ta karo da su kafin su sulale ciki a hankali. Wannan sulalewar tana cin lokaci kamar ninki 10 na zubewa kai tsaye. Sai tsakiya ta tara isasshen nauyi sannan rushewa ta fara, kuma Frank Shu ya nuna a 1977 yadda za ta fara daga ciki ta yi ta yaɗuwa waje

'Yar Kabuga:
Allah gafarta Malam a nan kam zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Bayanin nan shi ya yi mulki shekara da shekaru, kuma yana da kyau a takarda, amma da aka zo aunawa abubuwa uku suka ƙi zama. Ɗauki L1544, shi ma a gajimaren Sauru yake, babu tauraro a cikinsa tukuna, tsakiyarsa ta sauka har wajen digiri 6 na Kelbin. A 1998 Tafalla da abokansa suka tarar iskarsa tana tafiya ciki da gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa, kuma ba a tsakiya kawai ba, har can gefe-gefe. In daga ciki rushewa ke farawa ta yaɗu, to kafin ta kai can gefen ai da tuni an haifi tauraro a tsakiya, kuma babu. Sannan gudun a can wajen ya fi abin da sulalewar maganaɗisu ta yi hasashe. Na biyu in aka ƙirga dunƙulallun da ba su da tauraro aka gwada da masu jarirai ana iya kintatar tsawon zamansu, kuma abin da ke fitowa ya fi zubewa kai tsaye tsawo amma bai kai ninki 10 ɗin ba a wurare masu kauri sosai. Sannan awon ƙarfin maganaɗisun kansa, wanda Crutcher ya daɗe yana tattarawa, ya nuna a yawancin wurare masu kauri nauyi ya riga ya fi ƙarfinsa, kamar da ninki biyu.

Ni na fi karkata ga cewa hargitsin iskar ne ke tafiyar da wasan a farko. Manyan gizagizan nan ba a kwance suke ba, iska na gudu a cikinsu ta ko'ina fiye da gudun sauti a wurin, wanda shi mita 200 ne a daƙiƙa saboda sanyi. Larson ya nuna a 1981 cewa iya girman yankin da ka auna iya yawan hargitsin. Wannan gudun yana tarwatsa wani wuri ya hana shi taruwa, a wani wurin kuma igiyoyi biyu su yi karo su matse iska ta zama zare-zare, kuma na'urar Herschel da aka harba a 2009 ta nuna yawancin dunƙulallun a kan waɗannan zaruruwan suke jere

Oga Mai Dish:
Anti mita 100 a daƙiƙa fa kilomita 360 ne a awa, wannan kike cewa a hankali?

'Yar Kabuga:
Ka auna shi da tafiyar da ke gabansa Oga. Da wannan gudun kafin ya ratsa faɗin dunƙulen sai ya yi shekara wajen miliyan ɗaya

Malamin Fiziks:
'Yata ba laifi ki saɓa, haka ilimi yake. Hujjar L1544 na karɓe ta, mai ƙarfi ce. Amma ki amsa min wannan. In hargitsi ne komai me ya sa cikin dunƙulen yake tsit? Ke kin fi ni sanin aikin da aka yi a gajimaren Barnard 5 da babban farantin Green Bank na Amurka mai faɗin mita 100, wanda Pineda ya jagoranta a 2010. Suna bin siginar amoniya daga waje, tana da faɗi alamar hargitsi, kawai suna shiga dunƙulen sai ta tsuke lokaci guda, motsin ya koma ƙasa da gudun sauti, iyakar a fili kamar an ja layi. Kenan a daidai wurin da za a haifi tauraron hargitsin ya riga ya mutu, abin da ya rage nauyi ne da ɗumi da maganaɗisu. Kuma ki duba NGC 1333 IRAS 4A, wani dunƙule mai jarirai a ciki, a 2006 aka zana layukan maganaɗisunsa aka ga sun tsuke a tsakiya sun buɗe a baki biyu kamar kalangu. Nauyi ya ja su ciki, na yarda, amma a jere suke ba a cakuɗe ba, da hargitsi ya fi ƙarfinsu da ba za su yi wannan tsarin ba. Ninki biyu da kika ambata ma ai ba rinjaye ne mai nisa ba, abin da aka fi ƙarfinsa da ninki biyu kawai yana iya rage maka gudu sosai ko da bai tsayar da kai ba

'Yar Kabuga:
Wannan gsky ne Malam, ban ce a cire maganaɗisu daga lissafi ba. Abin da na ƙi shine a ce dunƙulen yana zaune ninki 10 na lokacin zubewa kai tsaye yana jiran sulalewa. Tsit ɗin Barnard 5 ma masu ra'ayin hargitsi suna karanta shi a matsayin wurin da igiyoyi suka yi karo ƙarfinsu ya ƙare, shi ya sa iyakar ta yi kaifi. Kuma ba kowane dunƙule ne ke rushewa ba, Barnard 68 misali, mai nauyin rana kamar biyu, a 2001 aka auna kaurinsa ta hanyar duba yadda yake dusashe hasken dubban taurarin da ke bayansa aka ga yana dab da daidaito, nauyi da turi sun kusa yin kunnen doki. Da aka duba motsinsa a 2003 sai aka ga wani ɓangare na shiga wani na fita, abin da Lada da abokansa suka fassara da cewa bugawa yake yi a hankali. Irin wannan yana iya zama haka har wani abu daga waje ya ture shi

Alhajin Fagge:
To ku biyun wa ya yi gaskiya? Mu dai muna saurare

Malamin Fiziks:
Baba Alhaji su kansu masu abin ba su rufe babin ba. Inda aka haɗu shine hargitsi ne ke tara iskar ya yanka ta, maganaɗisu na tsara ta inda za ta bi yana rage mata gudu, nauyi kuma shi ke da magana ta ƙarshe. Rigimar a kan wa ya fi wa ne kuma a wane mataki, kuma da alama amsar gajimaren Sauru mai natsuwa ba lallai ta zama ta Orion ba inda manyan taurari ke hura wuta a gefe

Ɗan SS3:
To baƙin layin nan na tsakiyar hoton fa, da hasken sama da ƙasa?

'Yar Kabuga:
Yauwa wannan ya kawo mu kan juyawa, wanda ni a wurina shi ya fi komai daɗi. In ka auna dunƙule sau da yawa za ka ga gefe ɗaya na ɗan nufo mu ɗaya gefen na ɗan guje mana, alamar yana juyawa. Juyin ba wani abu ba ne, zagaye ɗaya sai ya ci miliyoyin shekaru, Goodman da abokanta sun auna da yawa a 1993 suka ga ƙarfin juyin kamar kashi 2 cikin 100 ne na ƙarfin jan nauyi, ba zai hana rushewa ba. Amma dokar fiziks ce abin da ke juyawa in ya tsuke sai ya ƙara sauri, kuma nan ana maganar abin da zai tsuke daga nisan duniya da rana sau dubbai zuwa girman tauraro ɗaya. Da zai riƙe duk juyinsa da ya tarwatse tun kafin ya zama tauraro, dole ya zubar da kusan duka, ragin ya kai wajen ninki miliyan in ka gwada da ranarmu da ke zagaye ɗaya cikin kwana 25. To ina juyin ke zuwa? Iskar da ke faɗowa ba ta dira kan jaririn kai tsaye, tana bajewa ta zama faifai mai zagaye shi, baƙin layin da ka gani kenan, faifan ne muke kallo ta gefe. Daga cikin faifan kuma maganaɗisu na murɗa wani kaso ya harba shi sama da ƙasa, ya tafi da juyin, an fara ganin irin wannan feshin mai baki biyu a L1551 a 1980. Feshin ne ya huda ramuka biyu a gajimaren L1527, hasken jaririn ya bi ta ciki ya haska bangonsu. Yana kuma kore iska mai yawa, shi ya sa ake kintatar kamar kashi ɗaya cikin uku ne na dunƙulen ke zama tauraro. Wani lokacin kuma dunƙulen rabewa yake ya haifi tagwaye su raba juyin a tsakaninsu.

Shaidar ma tana gidanmu, rana ta kwashe sama da kashi 99 cikin 100 na nauyin da ake samu in an haɗa ta da duk abin da ke zagaye ta amma juyin da ke hannunta bai kai kashi 2 ba, mafi yawansa yana wurin Mushtari, mafi girma cikin duniyoyin da ke zagaye rana

Malamin Fiziks:
Kin ga kenan kin dawo gidan maganaɗisu da ƙafarki 'yata, ba shi ba feshi

'Yar Kabuga:
A wannan matakin kam na sallama Malam. Har ma ya so ya yi yawa, don akwai lokacin da lissafin kwamfuta ke nuna birkin maganaɗisu zai kwashe juyin gaba ɗaya faifai ya kasa samuwa, sai ga na'urar ALMA ta fito da hoton tauraron HL Tau a 2014, faifai ƙato da zobba a jikinsa a tauraron da bai wuce shekara miliyan ɗaya ba. Dole aka koma aka gyara lissafin, aka sa cewa iskar ba ta maƙale da layukan ɗari bisa ɗari, kuma sandar juyin ba lallai ta daidaita da ta maganaɗisun ba

Oga Mai Dish:
Ita ALMA ɗin dish ce irin tamu? In haka ne me zai hana a kafa a nan, ga fili har Dambatta

Malamin Fiziks:
Dish ce Oga, guda 66 ne aka haɗa suna aiki tare, a hamadar Atacama ta ƙasar Cile, a kan tudu mai tsayin mita 5,000. Kai ka san yadda hadari ke ɗauke maka sigina a gigahaz 12, to a gigahaz 100 zuwa sama ko ruwa bai sauko ba tururin da ke cikin iska kaɗai ya isa ya shanye ta, shi ya sa ake neman wuri mai tsayi busasshe. Kano ba ta kai mita 500 ba, ga damina. Amma na ƙananan firikwensi ana yi a Afirka, Afirka ta Kudu na da MeerKAT mai faranti 64, Gana kuma ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai mita 32 a Kuntunse ya zama na binciken sama a 2017, aikin da masu hannu irin naka suka yi. Sannan bayanan ALMA bayan shekara ɗaya ana sake su kyauta ga kowa, ɗalibin BUK mai laftof da data zai iya sauke su ya auna tozon nan biyu da kansa

Ɗan SS3:
Anti tambaya ta ƙarshe dan Allah, yaushe ake cewa yanzu kam ya zama tauraro?

'Yar Kabuga:
Mataki-mataki ne ƙanina. Da farko duk zafin da matsewa ke haifarwa yana tserewa, iskar na nan da sanyinta tana ta zubewa. Sai tsakiya ta yi kaurin da zafi ba ya iya fita, ta tsaya ta zama ɗan curi mai faɗin nisan rana sau 'yan kaɗan, Larson ya lissafa wannan tun 1969. Zafi na ta hawa, yana kaiwa digiri 2,000 ƙwayoyin haidirojin su fara rabewa biyu, rabewar ta shanye zafin da ke riƙe da curin, sai ya sake rushewa karo na biyu, abin da ya fito shine jaririn. Shi ma hasken da yake yi ba na ƙona haidirojin ba ne, na iskar da ke faɗo masa ne, sai cikinsa ya kai digiri miliyan 10 ake kunna wutar gaske, kuma tauraro irin ranarmu sai ya yi shekaru miliyan gomomi kafin ya kai nan.

Kuma Malam ga wani abu da ya ƙara dagula mana lissafin mu duka, a 2020 aka ga wani jariri a gajimaren Perseus mai suna Per-emb-2, da na'urar NOEMA ta Faransa, ana ɗura masa iska ta wani siririn rafi da tsawonsa ya haura nisan rana sau 10,000, kuma daga wajen dunƙulen rafin ya taso. Kenan iyakar nan mai kaifi ta Barnard 5 ba katanga ba ce, kaya na shigowa daga waje bayan an haifi jaririn, ta gefe ɗaya, da nasu juyin da nasu sinadaran. Duk lissafin da ya ɗauki dunƙule a matsayin ƙwallo rufaffe mai iyakantaccen nauyi sai an sake duba shi, har da kashi ɗaya cikin ukun da na faɗa ɗazu

Malamin Fiziks:
Turo min zanen siginar Per-emb-2 ɗin in kina da shi, ina son in ga ko gudun iskar yana ƙaruwa in ta kusanci jaririn yadda zubewa kai tsaye ta tanada, ko akwai abin da ke rage mata gudu a hanya